Daga Osaka Zuwa Apo: Abin Da Ke Zubewa A Hanya Idan Aka Fassara Sunan Noti

Lacca da aka gabatar a Abuja gaban taron malaman harshe, injiniyoyi da masu sana'ar kanikanci

 

Na san ba za a rasa wanda ya ga kan maganar nan a takardar gayyata ya yi murmushi ba. Duk matsalolin da ke gaban ƙasar nan, a tara manyan mutane a yi musu lacca a kan noti? To ku ba ni aron kunnuwanku kaɗan. Duk wanda ya zo zauren nan a mota, ya zo ne bisa amanar noti 16 ko 20 da ke riƙe da tayoyinsa, kuma da wuya a cikinmu a sami mutum 5 da za su iya faɗin cikakken sunan ko da guda ɗaya daga cikinsu da kowane harshe.

Wanda ya tsaya a bakin titin Nyanya zuwa AYA da sassafe ya ƙirga abin da ke wucewa, zai ga cewa ƙarfen Japan ne ke ɗauke da Abuja: Corolla da Camry, Hilux ta ma'aikatu, Hiace da Coaster, tsofaffin Nissan da Mazda masu koren fenti, da Kanta mai jigilar bulo da siminti daga Dei-Dei. Iyayenmu sun san wani zamani daban, lokacin da Fijo ta Kaduna, wadda aka fara haɗawa a 1975, da Bosuwaja ta Legas ke mulkin hanya. Wancan ƙarfen Turai ne da awon Turai. Yanzu ƙarfe ya sauya, kuma hanyar da yake biyowa ma karkatacciya ce. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, su kuwa Japanawa a hagu suke tuƙi, saboda haka galibin motocinsu ba daga can kai tsaye suke zuwa mana ba. Camry da ke hannunka wataƙila a Japan aka zana ta, a Kentucky aka haɗa ta, ta yi shekaru a Amurka, ta sauka a Legas ko Kwatano. Littafin gyaranta ya fara rayuwa da Japananci, wani ya juya shi zuwa Turanci, sannan ya iso garejin Apo inda ake aiki da Hausa da Ibo da buroka. Fassara biyu ke nan: ɗaya a rubuce, ɗaya a baki. Maganata a kan abin da ke zubewa a kowace.

Mu fara da can gidan. Japanawa suna da kalma guda, neji, wadda ta fito daga aikatau mai ma'anar murɗawa. Duk abin da ke da zare neji ne: ƙaramin sukuru na cikin rediyo, babbar ƙusa mai zare ta jikin gada, har shi kansa zaren. Tarihin da suke bayarwa shi ne sun fara ganin irin wannan abu a 1543, lokacin da Turawan Fotugal suka sauka a tsibirin Tanegashima da bindigogi. Maƙerin da aka ba aikin kwaikwayon bindigar, Yaita Kinbei, ya iya ƙera bututun, amma toshiyar gindinta mai zare ta ba shi wahala, musamman yadda za a yanka zare a cikin rami. Maƙeranmu masu bindigar toka za su fahimci wannan ciwon kai. Daga wancan lokaci zuwa yau, ƙasar da ta rasa yadda za ta yanka zare ta zama ƙasar da ke da ranar neji a kalanda, 1 ga Yuni, don tunawa da dokar daidaita kayan masana'antu ta 1949 wadda ta haifi ma'aunin da ake kira JIS. Yankin Osaka ta gabas kuwa cike yake da ƙananan masana'antu da ba su da aiki sai wannan.

Kalmominsu iri biyu ne. Akwai na aro, kuma ba sa jin kunyarsu. Noti a wurinsu natto ne, ƙusa mai zare boruto, sifana supana. Kun ga inda muka yi tarayya: daga rijiya ɗaya muka ɗebo, kowa ya lanƙwasa kalmar ta dace da bakinsa. Sai dai ba duk aron daga Turanci yake ba. Suna da bisu, ƙaramin sukuru, wanda daga Faransanci ya fito. Mai fassarar da ya ɗauka Turanci ne zai kwana yana bincike a ƙamus bai same shi ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda garejinsu da Faransanci ya tashi, za su riga mu gane shi.

Sai kuma na gida, waɗanda hoto ne zalla. Zaren waje namiji ne, oneji. Na ciki mace, meneji, kamar yadda wasu kanikawanmu kan ce namiji da mace idan suna son raba ƙusar da notinta. Tudun zare dutse ne, kwarinsa kwari. Sukuru mai kumburarren kai nabe ne, wato tukunya. Wanda kansa ke nutsewa ya yi daidai da fuskar ƙarfe sara ne, wato faranti. Noti mai fukafukai biyu da ake ɗaurewa da yatsu na malam-buɗe-littafi ne. Noti mai rufaffen kai fukuro ne, wato jaka. Washa mai haƙora sun ba ta sunan furen kiku, wanda ke jikin tambarin gidan sarautarsu. Sifanar da ke da zobe a kowane ƙarshe megane ce, tabarau. Idan kan noti ya cinye har sifana na zamewa, sai su ce an lashe shi.

Wannan kashi shi ne mai daɗin labari, shi ne kuma mafi sauƙi. Mai fassarar da ya rubuta "notin jaka" ko "sukurun dankali" a Turanci zai ba mutane dariya, a gyara masa, a wuce. Kuskuren da ke ba da dariya ba ya kashe kowa, domin kowa na ganinsa.

Amma wannan sukurun dankali ya kai mu ga matsala ta gaba. Imo-neji, wato sukurun dankalin, ɗan guntun sukuru ne marar kai, wanda ake nutsawa ta gefe ya danne sandar ƙarfe don kada abin da aka sa mata ya zame. A Amurka sunansa "set screw". A shagon ƙarfe na Ingila kuwa, idan ka faɗi wannan kalma, abin da za a miƙo maka ƙusa ce mai kai mai kusurwa shida, da zare tun daga wuya har ƙasa. Ɗan marar kan kuma wani suna suke ba shi daban. Ashe kafin a tambayi mai fassara ko ya iya Turanci, sai a tambaye shi Turancin wa. Mu nan Turancin Ingila muka gada a makaranta da gareji, shi ya sa muke cewa sifana, ba renci ba. Motocin kuwa da littattafansu yanzu yawancinsu ta Amurka suke biyowa. Haka sukudireba mai baki kamar gicciye: Bajapane ya ce mai alamar tarawa, ɗayar kuma mai alamar ɗebewa, Ba'amurke ya kira mai gicciyen da sunan Henry Phillips, wanda ya yaɗa ta a shekarun 1930, mu mu ce sita da filat. Idan ka rubuta wa ɗan kasuwa a ƙasar waje cewa kana son mai tauraro, yana iya aiko maka da Torx mai tsini shida, domin ita ya sani da wannan siffa.

Yanzu bari in zo inda nake so mu daɗe, domin nan ne kuskuren da ba ya ba da dariya yake.

A tsohon tsarin Japan, noti mai kusurwa shida da aka fi amfani da shi kashi uku ne: isshu, nishu, sanshu, wato iri na 1, iri na 2, iri na 3. Iri na 1 shi ne wanda aka zabge kaifin gefensa ta fuska ɗaya, ɗaya fuskar a miƙe. Iri na 2 an zabge shi ta fuska biyu, amma tsayinsu ɗaya da na farko. Iri na 3 siriri ne, irin wanda ake ƙarawa a kan wani don kulle shi. Ita kuma hukumar ma'auni ta duniya, ISO, wadda aka kafa a 1947, tana da nata rabon mai lamba: salo na 1 da salo na 2. Sai dai a nan lambar ba ta da ruwa da zabge gefe. Tsayi take nufi. Salo na 1 noti ne na yau da kullum, salo na 2 dogo ne, wanda aka yi don ɗaukar nauyi mai yawa. Ga awon, a kan ƙusa mai kaurin milimita 10: tsohon iri na 1 da na 2 tsayinsu milimita 8, iri na 3 milimita 6, salo na 1 na ISO ya kai 8.4, salo na 2 ya kai 9.3.

To ka ɗauki mai fassara wanda ya ƙware a harsunan biyu amma bai taɓa riƙe sifana ba. Ya ga nishu, ya san shu na nufin iri ko salo, ya san "ni" na nufin biyu. Ya rubuta salo na 2. Nahawu bai kama shi da laifi ba, ƙamus ma haka. Amma ya sauya kayan. Idan kuma aka juya, injiniya ya nemi salo na 2 aka kawo masa iri na 2, to an ba shi noti da ya gaza abin da ya nema da milimita 1.3, fiye da kashi 1 cikin 8 na tsayin.

Wani zai ce milimita ɗaya da 'yan kai, me za ta yi? Akwai dalilin da ya sa ISO ta ƙara wa noti tsayi. Idan aka matsa ɗauri ya wuce kima, ɗaya daga abu biyu zai faru: ko ƙusar ta tsinke, ko zaren notin ya zube. Masu tsara ma'aunin sun zaɓi ƙusar ta riga tsinkewa, domin tsinkewa tana faruwa a hannun bakanike, ya ji, ya gani, ya canza. Zubewar zare kuwa a ɓoye take yi; notin na zaune a wurinsa kamar lafiya lau, alhali ba ya riƙe da komai, sai an hau hanyar Lokoja ya nuna halinsa. Wannan 'yar milimitar ita ce ke tabbatar da cewa lalacewa za ta zo ta hanyar da ido ke gani.

Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne dukkan tsarin biyu suna zaune a takarda ɗaya. Ma'aunin notin Japan, JIS B 1181, tun tsakiyar shekarun 1980 ya ɗauki tsarin ISO ya sa a gangar jikinsa, ya tura tsohon tsarin zuwa rataye a baya, da niyyar ya mutu a hankali. Bai mutu ba. Kasuwar Japan ta ci gaba da ƙera na ratayen da sayar da shi. Saboda haka ko ka ga an rubuta lambar ma'aunin a takardar kaya, ba ka gama sani ba sai ka tambaya: na gangar jiki ko na rataye? Ina faɗin wannan ne don masu ganin cewa rikicin tsoho da sabo a wurinmu kaɗai yake.

Mu baro Japan mu dawo gida. A garejin Apo, ko layin 'yan sifiya na Zuba da Gudu, ko Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa a Kano, yaya ake kiran noti? Da lambar sifanar da ke kama shi. Oga ya ce wa yaro, "Kai, je ka sayo mini noti sha huɗu guda biyu." Tsari ne mai hikima, kada a raina shi: abin da hannu ke taɓawa shi ake kira, kuma muddin mota iri ɗaya ake gyarawa, yana aiki. Wanda ya ƙware a Toyota ya san duniyarsa 8, 10, 12, 14, 17, 19 ce. Wanda ya tashi a kan Marsandi da Golf ya san 13 ita ce abokiyar zamansa.

Sai dai lambar sifana awon kai ce, ba awon jiki ba. Ƙusa mai kaurin milimita 10 tana iya zuwa da kai na 17 a tsohon ma'aunin Jamus, na 16 a ISO, na 14 a motar Japan, domin masu ƙera motocin can sun zaɓi ƙaramin kai don rage nauyi da samun sarari. Mai kaurin 8 kanta 13 ne a Turai, 12 a motar Japan. Ka ga ke nan "sha bakwai" a bakin mai gyaran motar Jamus ƙusa ce mai kaurin 10, a bakin mai gyaran Toyota kuwa galibi mai kaurin 12. Kalma ɗaya, kaya biyu, a kasuwa ɗaya. Abin ya yi kama da a aiki yaro wurin tela da awon hula kaɗai a ce ya ɗinko riga.

Kuma ko kaurin ya dace, saura tazarar zare, wato nisan da ke tsakanin tudu da tudu. A nan ne sunanmu na gareji ya yi shiru ɗungurungum. Ƙusa mai kaurin 10 ta gama-gari, irin ta shagon kayan gini, tazararta milimita 1.5 ce. A jikin motar Japan kuwa sau da yawa 1.25 ce. Notin taya ya fi kowanne nuna wannan. Toyota da Honda da Mazda da Mitsubishi a ƙananan motocinsu suna amfani da kauri 12, tazara 1.5. Nissan da Subaru da Suzuki kauri 12, tazara 1.25. A ido ba ka raba su. Ka ɗora na Toyota a kan ƙusar Nissan, zai shiga zagaye ɗaya ko biyu ya cije, domin kowane zagaye yana ƙara saɓanin rubu'in milimita. Bakanike mai natsuwa a nan zai tsaya. Yaro mai ƙarfi da gaggawa kuwa sai ya zura bututu a wil sifana ya hau da ƙafa, notin ya shige yana yanka sabon zare a kan tsohon. Akwai ma wanda ya fi wannan sharri. Wasu motocin Amurka suna da notin rabin inci mai zare 20 a kowane inci, wato kauri 12.7 da tazara 1.27. Wannan zai hau ƙusar Nissan sumul, ba cijewa ba gardama, amma bakin zaren kawai ya kama. Wanda ya cije aƙalla ya yi gargaɗi.

Ban gama da notin taya ba. Gindinsa, inda yake zama a kan wili, shi ma iri uku ne: mai tsini kamar mazurari, wanda ya fi yawa; mai zagaye kamar ƙwallo, wanda Honda ke sawa a wilinta na asali; da shimfiɗaɗɗe mai washa, wanda Toyota ke sawa a wilinta na alminiyon. Zaren Toyota da na Honda ɗaya ne, don haka notin wannan zai shiga ƙusar waccan lafiya lau, amma gindin bai zauna ba, a kan siririn layi kawai yake taɓa wilin, kuma da tafiya ta yi tafiya zai saki. Littafin Japan yana da kalma ga kowane gindi. Fassarar Turanci mai kyau tana da su. A baki, a nan, duka ukun "notin taya" ne.

Direbobin Kanta da Daina kuma sun san abin da littafi ke kira hidari-neji, zaren hagu: a tsohon tsarin manyan motocin Japan, ƙusoshin tayoyin gefen hagu a juye ake ɗaure su, shi ya sa ake buga musu harafin L. Sabon yaro da bai sani ba, yana ƙoƙarin kwancewa yana ƙara ɗaurewa, har ƙusa ta tsinke. Daga wajen 2010 sabbin manyan motocinsu masu nauyi suka koma tsarin ISO, zaren dama a kowane gefe. Saboda haka ilimin da oga ya koya a kan tsohuwar mota gaskiya ne, amma gaskiya mai shekara. Sai an haɗa da duba harafin.

Wani ɗan abu a gefe, don masu gyaran babur da janareta. Za ku riƙa ganin ɗan ɗigo a kan wasu ƙananan sukurori na kayan Japan, a jikin kafireta misali. A tsakiyar shekarun 1960 Japan ta sauya tazarar ƙananan zarenta ta bi ISO: mai kaurin 5 ya tashi daga 0.9 zuwa 0.8, mai kaurin 4 daga 0.75 zuwa 0.7, mai kaurin 3 daga 0.6 zuwa 0.5. Ɗigon alama ce ta sabon zare, don kada a gauraya. Ramin gicciyen da ke kan waɗannan sukurori kuma ya ɗan saɓa da na Phillips, shi ya sa sukudireba ta kasuwa ke yawan zamewa ta cinye shi. Ba koyaushe hannun yaro ne ke da laifi ba, ku sassauta masa.

Saura ƙarfi da ɗauri, zan taɓa su a gurguje. Lambar da ke kan ƙusa magana ce. A tsarin ISO, 8.8 na nufin kowace murabba'in milimita na jure jan kusan nutan 800 kafin ta tsinke, kuma tana fara miƙewa ba komowa a kashi 80 cikin 100 na hakan. A tsohon tsarin Japan za ka ga 4 ko 7 tilo, wato kilo 40 ko 70 a murabba'in milimita. Ƙusar da ba ta da alama ko kaɗan, ba ta yi maka alkawarin komai ba. Wurinta ƙofar gida, ba birki ba. Shi kuma ɗauri, notin tayar Corolla littafi ya ce 103, wani tsohon littafin ya ce 10.5, na Amurka ya ce 76. Duka ukun ɗauri ɗaya suke faɗi: na farko da nutan-mita, na biyu da kilo-mita da Japan ta yi amfani da shi har ƙarshen shekarun 1990, na uku da fam-ƙafa. Mai fassarar da ya kwafi lamba ya bar ma'auninta, ko mai karatun da ya tsallake 'yan haruffan da ke bayanta, ya mai da littafin tarko.

Hukuncina a kan duk wannan shi ne: sunan noti a sana'a awo ne da aka taƙaita. Wanda ya fassara kalmar bai ɗauko awon ba, bai yi rabin aikin ba ma. Shi ya sa Japanawa suka rubuta ma'auni guda, JIS B 0101, wanda ba shi da aiki sai jera kalmomin neji, kowace da ma'anarta da takwararta ta Turanci, ISO ma tana da irinsa mai lamba 1891. Ba a bar abin ga basirar kowane mai fassara ba.

Za a ce mini ai yanzu waya na fassara komai, ka haska ta a kan kwali ta karanta maka. Gaskiya ne, kuma tana da amfani. Amma waya kalma take juyawa, kuma a kan nishu babu abin da zai hana ta yin kuskuren da mutum ya yi. Za a kuma ce ai lambar kaya ta wadatar, ka ba dila lamba ya ba ka abinka. Wannan maganar mai sabuwar mota ce da ke zuwa wurin dila a Central Area. Mafi yawan notin da ake ɗaurawa a garin nan daga cikin bokitin gauraye ake tsamo shi, daga motocin da aka farfasa, ba kwali ba lamba. Mai tsamowar yana bukatar sanin abin da zai duba, da kalmar da zai faɗa wa yaronsa.

Mu Hausawa ba baƙi ba ne a aikin keɓaɓɓun kalmomi. Bargery ya fitar da ƙamusunsa a 1934. A 1990 aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya shirya, a kan nazarin harshe da adabi. Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Amma malamai, da girmanku, mun fi yi wa kanmu hidima: mun sama wa nahawu da waƙa kalmomi, mun bar gareji yana ta kansa. Kuma galibin hukumomin da aikin ya shafa suna nan kusa da zauren nan. NERDC mai tsara manhaja da bunƙasa harsuna tana Sheda. SON mai kula da ingancin kaya, wadda asalinta ya koma 1971, hedikwatarta na Abuja. Hukumar NADDC ta harkar motoci tana nan. ITF tana da cibiyar koyon sana'a a Maitama, NBTE na Kaduna, ƙungiyar kanikawa ta NATA tana da rassa ko'ina, hukumar JICA ta Japan ma tana da ofis a garin nan.

Abin da nake nema ƙarami ne: ɗan littafin aljihu, da kuma allon da za a manna a bangon gareji. Kowane shafi da hoton abin a girmansa na gaskiya, yadda za a iya ɗora noti a kai a gwada. Sai sunan da kanikawa ke kiransa. Sai Turancin Ingila da na Amurka idan sun saɓa. Sai Japanancin da haruffansa, don a iya gane shi a jikin kwali. Sannan awo huɗu da ba za a bari ba: kauri, tazara, gindi, ƙarfi. Kuma ina roƙon malaman harshe kada mu shiga ƙirƙirar sabuwar kalma ga abin da ya riga ya sami suna. Noti ya zauna a Hausa har ya shiga zaurance. Wanda aka ce notin kansa ya kwance ba ya bukatar ƙamus. Sifana da sukudireba da washa duk 'yan gida ne. Ƙoƙarin korarsu ɓata lokaci ne, kuma littafin da ya yi haka a kan kanta zai tsufa. Aikin ya fara da ɗaukar muryar ogogi a Apo da Zuba da Ƙofar Ruwa da Maraɗi, a ji abin da suke faɗa, a ga inda Kano ta saɓa da Nijar, sannan injiniya ya ɗaure kowace kalma a kan lambarta.

Inda za a bukaci sabuwar kalma shi ne inda bakin gareji ya yi shiru, kuma mafi girman wannan giɓi shi ne abin da na yi ta kira tazarar zare tun ɗazu. Ni na zaɓi wannan don laccar nan, ban ce shi za a ɗauka ba. Akwai kuma ɗan ma'auninta, wasu siraran ƙarafa masu haƙora da ake buɗewa kamar wuƙar aljihu a ɗora a kan zare a ga wanda ya zauna. Ba shi da tsada, ya kamata a same shi a akwatin kowane yaro tun shekararsa ta farko, shi ma yana jiran suna. Iyayena kanikawa, idan an buɗe fagen tambayoyi, ku zan fara tambaya: idan kuna son gaya wa yaro cewa notin Nissan ba na Toyota ba ne, da wace kalma kuke gaya masa?